Neman kalma: me za mu kira dokar da ake kaɗa wa ƙuri'a a jihohin Amurka?

Jama'a, salamu alaikum. Akwai kalmar da take wahalar da masu fassara da 'yan jarida duk shekarar zaɓe a Amurka, wato ballot measure. Kowa da yadda yake juya ta zuwa Hausa, kuma kowace fassara gari daban take kai mai sauraro. Malam da Hajiya da Yaya da ƙanina sun riga sun faɗi nasu ra'ayin, kuma zan amsa wa kowa a nan. Kafin mu yi musu kan suna, bari mu ga abin da za a raɗa wa sunan.

Takardar ƙuri'a a Amurka doguwa ce. In ka gama da 'yan takarar shugaban ƙasa da gwamna da 'yan majalisa, can ƙasa ko a bayan takardar za ka tarar da tambayoyi. Babu sunan mutum, babu alamar jam'iyya. Lamba ce, da kanu, da ɗan gajeren bayani, sai gurbi biyu: Eh ko A'a. A ƙara mafi ƙarancin albashi? Jiha ta ciyo bashi ta gina makarantu? A gyara sashe kaza na kundin tsarin mulkin jiha? In Eh ta kai adadin da ake bukata, magana ta ƙare, abin ya zama doka ba tare da jiran sa hannun gwamna ba. Gwamnatin tarayya ba ta da irin wannan tsari, harka ce ta jihohi da ƙananan hukumomi.

Su kansu masu abin ba su tsaya kan suna ɗaya ba. Kalifoniya tana cewa Proposition, Ohio Issue, Nevada da Massachusetts Question, New York Proposal. Don haka babu amfanin bin Turancin sawu da ƙafa. Aikin abin za mu duba.

Na fara da wadda nake roƙon a daina: ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a. Wannan ita ce dai kalmar da gidajen rediyo suke amfani da ita in wani kamfani ya buga wa mutum dubu waya ya tambaye su wa za su zaɓa. Wanda ya ji ta zai ɗauka shawara ake nema, in ya ga dama ya amsa, in bai ga dama ba ya tsallake. To, a 1978 masu zaɓe a Kalifoniya sun amince da Proposition 13, wadda ta ƙayyade harajin gidaje da filaye a kashi 1 cikin ɗari na ƙimarsu, ta kuma hana ƙimar da ake lissafi da ita tashi fiye da kashi 2 a shekara muddin gidan bai canja hannu ba. Har gobe kuɗin makarantu da na ƙananan hukumomin jihar a kan wannan suke tafiya, kuma majalisa ba ta isa ta soke shi ita kaɗai ba, tunda yana cikin kundin tsarin mulki. Wannan ba jin ra'ayi ba ne. Gaskiya akwai 'yan tambayoyin da na neman shawara ne kawai, kamar ukun da Illinois ta sa a 2024. Su kam a kira su jin ra'ayi, sun cancanta.

Malam, ka kawo ƙuri'ar raba gardama, kuma ka ce me zai sa mu bar kalmar da kunne ya saba da ita. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ban raina ta ba. Da ita aka ba da labarin tazarcen Tandja a Nijar a 2009, da sabon kundin 2010, da ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, da ƙuri'ar ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai a 2016. Kakanninmu na Mubi da Gwoza ma sun kaɗa irinta a 1961, lokacin da arewacin Kamaru ya zaɓi zama cikin Najeriya aka yi Lardin Sardauna. Amma duba waɗannan misalai da kyau. Kowanne tambaya ɗaya ce, ƙasa ta tsaya cik dominta. Kalmar sunan taron ne gaba ɗaya, mu kuma muna neman sunan abin da ke rubuce a kan takarda, wanda ake ƙirgawa. A Nuwamban 2016 mai zaɓe a Kalifoniya ya tarar da guda 17 na jiha a gabansa, ban da na garinsu. Gwada cewa "ƙuri'ar raba gardama ta goma sha bakwai" a labaran ƙarfe takwas ka ji yadda za ta zauna a baki. Sannan wasu cikinsu babu ma gardamar da za a raba, gyaran lafazi ne a tsohon kundi wanda kowa ya yarda da shi.

Abin da nake ba da shawara shi ne ƙudurin ƙuri'a.

Duk mai sauraron labaran majalisa ya san ƙuduri. Ya san ana gabatar da shi, ya tsallake karatu na biyu, ko dai ya zama doka ko ya mutu a kwamiti. Wannan sanin shi ne jarinmu. Da ka ce ƙuduri, mutum ya fahimci doka ce da ba ta riga ta haihu ba, da ka ƙara ƙuri'a, ya fahimci a hannunsa haihuwar take, shi ne ɗan majalisar yau. Yana ƙirguwa: ƙuduri na 13, ƙudurori goma sha bakwai. Kuma fi'ilansa a shirye suke, ya wuce, ya faɗi, an janye shi, kotu ta dakatar da shi.

Hajiya, gyaranki ya shiga: wani zai iya ɗauka ƙuduri ne da ya shafi yadda ake gudanar da zaɓe. Haka ne. Sai dai wancan ya riga ya sami sunansa, ƙudurin dokar zaɓe, kuma jimla ɗaya ta bayani a farkon labari ta isa raba su. Ƙanina da ya kawo ƙudurin akwati kuwa, ka burge ni, gajere ne kuma yana da daɗin faɗi. Amma akwati a kunnen Bahaushe ko na lefe ko na gawa, sai an yi zaɓe tukuna yake tuna na ukun.

Yanzu ga inda aikin yake. Ƙudurin ƙuri'a ta hanya uku yake hawa takarda, kuma mai zaɓe yana bukatar sanin ta wacce aka biyo.

Ta farko ba ta da wuya. Majalisar jiha ce take rubutawa ta miƙo wa jama'a, sai mu ce ƙudurin da majalisa ta miƙo. Duk jihohin Amurka, in ka cire Delaware, ba a gyara kundin tsarin mulkinsu sai an bi ta nan.

Ta biyu ita ce wadda mutanen gari suke rubuta dokarsu, su tara sa hannu, su tsallake majalisa kacokan. Kusan rabin jihohi ne suke da wannan. Dakota ta Kudu ce ta fara a 1898, Oregon ta ɗauka a 1902 ta yi suna da shi, Kalifoniya ta shigo a 1911 zamanin Gwamna Hiram Johnson, lokacin da ake kukan kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya sa majalisar jihar a aljihu. An ba ni shawarar ƙudurin jama'a, wani ma ya ce ƙudurin talakawa. Na ƙi na biyun gaba ɗaya, na farkon ma ina ɗari-ɗari da shi. A Kalifoniya kana bukatar sa hannun da ya kai kashi 5 cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen gwamna na baya in doka ce, kashi 8 in gyaran kundi ne. Bayan zaɓen 2022 wannan ya kama 546,651 da 874,641, cikin kwana 180. Wane talaka ne zai tara wannan? Kamfanoni ake ɗauka haya, su baza ma'aikata da allon rubutu a ƙofar manyan kantuna, suna tare mutum da kayan cefanensa a hannu, ana biyansu kan kowane sa hannu. A 2020 Uber da Lyft da DoorDash da abokansu sun kashe sama da dala miliyan 200 kan ƙuduri na 22, don kada a lissafa direbobinsu cikin cikakkun ma'aikata, kuma ya wuce. In mun kira wannan ƙudurin talakawa mun yi wa kamfani talla kyauta. Ni dai ƙudurin sa hannu nake so. Ya faɗi yadda abin ya zo, bai rantse kan wanda ya kawo shi ba.

Ta uku ce mai rikici. Majalisa ta yi doka, gwamna ya sa hannu, sai wasu su tara sa hannu a dakatar da ita har sai jama'a sun yanke. Nan Hausa ta riga ta yi mana rabin aiki. Kiranye, wanda asalinsa kiran wanda ya yi nisan kiwo ne ya dawo gida ko yana so ko ba ya so, shi aka ɗora wa dawo da ɗan majalisa, abin da sashe na 69 na kundin Najeriya na 1999 ya tanada, kuma ya zauna daram. To kiranyen doka fa? Ina son sa ƙwarai. Amma yana da tarko, kuma sai mun faɗe shi a fili.

Wanda ya ji kiranyen doka zai ɗauka Eh tana nufin a soke dokar. A jihar Maine haka ɗin ne, tambayar ita ce ko kana so a yi watsi da doka kaza. A Kalifoniya ta 2020 kuwa akasin haka ne. Majalisar jihar ta yi doka a 2018 ta soke belin kuɗi, aka ce alƙali ya duba haɗarin sakin mutum maimakon nauyin aljihunsa. Kamfanonin da suke cin abinci da tsaya wa mutane beli suka tara sa hannu, abin ya fito a matsayin ƙuduri na 25. Waɗanda suka kawo shi kan takarda su ne masu yawo suna cewa a zaɓi A'a, domin Eh tana nufin dokar ta zauna. A'a ta yi nasara, belin kuɗi ya ci gaba. Ruɗanin irin wannan ne ya sa jihar ta canja tsarin a 2023, ta ce daga yanzu a irin wannan ƙuri'a a rubuta "a bar dokar" ko "a soke dokar". Don haka na karɓi kiranyen doka da sharaɗi ɗaya: duk inda aka rubuta shi, layin da ke biye ya faɗi abin da Eh za ta yi da abin da A'a za ta yi a wannan jihar.

Yaya, ka tambaya wa zai yi amfani da duk wannan. Na farko 'yan jarida. Na biyu 'yan uwanmu da suka zama 'yan ƙasa a can, irin na unguwar Bronx a birnin New York, 'yan Zango daga Kumasi da Accra da mutanen Nijar da Najeriya. New York ba ta da ƙudurin sa hannu a matakin jiha, amma majalisa tana miƙo nata, birnin ma yana sa nasa, sau da yawa a bayan takarda, har sai an riƙa tuna wa mutane su juya ta. Gyaran da aka yi wa dokar 'yancin zaɓe ta tarayya a 1975 ya wajabta fassara kayan zaɓe a wuraren da masu Sifaniyanci ko harsunan Asiya ko na 'yan asalin ƙasar suke da yawa. Harsunan Afirka ba sa ciki. Abin da dattijo zai samu da Hausa shi ne abin da ɗansa ya karanta masa, ko saƙon murya da wani ya yi a WhatsApp bayan sallar Juma'a. Mai yin saƙon nan shi ne yake bukatar kalma.

Kayan aikin kuwa akwai su. Kalifoniya tana aika wa masu zaɓe littafi ta gidan waya, mu kira shi jagorar mai zaɓe. Babban lauyan jiha ne yake rubuta kanu da taƙaitaccen bayanin ƙudurin sa hannu, wani ofishin majalisa da ba ya bin jam'iyya ya lissafa abin da zai ci na kuɗi, sannan a buga hujjar masu so da ta masu ƙi da martanin kowa. A Kolorado sunan nasu shuɗin littafi. Oregon ta taɓa zuwa da dabarar da ta fi burge ni: a zaɓo mutum wajen ashirin cikin masu zaɓe ta hanyar canki-canka, su zauna kwanaki suna sauraron ɓangarorin biyu da masana, sannan su rubuta abin da suka gano da bakin mutanen gari a buga cikin littafin. Mai fassara ya fara da lissafin kuɗin, ya bar hujjojin ɓangarori a ƙarshe, don su kamfe ne, babu wanda ya tantance gaskiyarsu.

Wani wuri kuma da fassara take zamewa shi ne wajen ba da sakamako. A Fulorida gyaran kundi sai ya sami kashi 60. A 2024 ƙudurin zubar da ciki ya sami kusan 57, na tabar wiwi kusan 56, duka suka faɗi. In ka ce "jama'a sun ƙi amincewa" ka yi ƙarya, mafi yawa sun amince. Ka ce ya sami rinjaye amma bai cika mudu ba. A Nevada kuma gyaran kundin da ya zo ta sa hannu sai ya wuce a manyan zaɓuka biyu a jere, don haka a karon farko "ya tsallake zagayen farko" za a ce, kada a ce ya zama doka.

Ga yadda saƙon zai fita in da a ce yau ake kaɗa wancan na beli. Malam, a duba mini ko akwai inda harshe ya yi tuntuɓe:

"Ƙudurin ƙuri'a na 25, kiranyen doka ne kan belin kuɗi. Majalisa ta soke belin kuɗi a 2018, kamfanonin beli suka tara sa hannu aka dakatar da dokar. In ka zaɓi Eh, dokar ta zauna, an daina belin kuɗi. In ka zaɓi A'a, dokar ta faɗi, belin kuɗi ya ci gaba. Rinjaye kawai ake bukata. In ba ka gan shi a gaban takarda ba, juya bayanta."