Yara 72 a ajin CI, ƙwallo ɗaya: yaya ake darasin motsa jiki?

Malama Rabi, Bagalam:
Assalamu alaikum malamai. Aji na CI ne, wato ajin farko na firamare, yara 72, masu shekara 6 zuwa 7. Filin lakwal rairayi ne, kayan aiki kuwa ƙwallo ɗaya da igiya ɗaya. In aka jera su layi kowa ya buga ƙwallon, rabin lokaci ya tafi a raba faɗa. Wane wasa zai koya musu gudu, tsalle da jifa cikin minti 30, ba tare da wani ya ji ciwo ba?

Mushe Issufu, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malama. Layin nan shi ne cutar. Ki lissafa: in kowane yaro ya ci daƙiƙa 20 a kan ƙwallo, zagaye ɗaya minti 24 ke nan, kuma kowa ya motsa daƙiƙa 20 kacal. Yaron da ke tsaye yana jira, ai tsokana ce aikinsa.

Ki raba su gida huɗu, 18-18, ki shata wa kowane gida murabba'i na taki 10 da toka, don layin da aka ja da ƙafa a rairayi ba ya minti biyu. Kafin komai a koya musu alamar tsayawa: usur ɗaya, kowa ya daskare, biyu, a koma gida na gaba. Wannan kaɗai ya cancanci darasin farko gaba ɗaya.

Minti 5 na farko kwaikwayon dabbobi, tafiyar raƙumi, tsallen zomo, sanɗar kyanwa. Sai minti 20, biyar a kowane gida: ɗangalgala da ƙafa ɗaya, tsallake igiya da aka shimfiɗa a ƙasa, wasan kamo, da jifa. Na jifa kada ki yi da ƙwallo, gangarawa yake yi a ɓata lokaci wajen bin sa. A nemo ƙyallaye wajen tela a ɗinka ƴan buhuna tara kamar tafin hannun babba, a zuba wake ko ƙananan tsakuwa cikin hannu ɗaya. Rairayi yana zurarewa ta ɗinki. Biyu-biyu suke jefa wa juna daga taki 2, in sun cafe sau biyar ba faɗuwa su ƙara taki ɗaya. Minti 5 na ƙarshe zama a inuwa, numfashi a hankali, shan ruwa.

Kuma ki guji wasan da ake fitar da wanda ya faɗi. Mai rauni shi ke fara fita, alhali shi ya fi bukatar motsin. Wanda aka kama ya yi tsalle biyar ya dawo.

Malam Sani, mai horar da yara kokowa:
Na yarda da Mushe, amma kada a manta da namu na gida. Langa ta fi kowane ɗangalgala koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya, sai dai ba langar manya ba. Ɗan shekara 6 in ya riƙe ƙafarsa ta baya aka ture shi, hannu ɗaya gare shi na tare ƙasa, da fuska zai sauka. To a CI ba riƙe ƙafa, ba turi: taki 6 da dama, a dawo da hagu. Cikakkiyar langa mai "ruwa" da masu tsaronsa a bari sai CE1, wato aji uku.

Kokowa kuwa, a garin Kantu, shahararren ɗan kokowa, ba sai an roƙi yaro ba, ko an hana za su yi. Gara a tsara ta. Da'ira mai faɗin taki 2, tafi da tafi, wanda ƙafarsa ta fita layi ya faɗi. Ba kama wuya, ba ɗaga mutum. A haɗa su bisa girman jiki, don a aji ɗaya akwai wanda ya kusa ninka wani nauyi. Kafin a fara a share filin, tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe suna ɓuya a rairayi, yawancinsu kuma ba takalmi.

Hajiya Mariyama, ma'aikaciyar lafiya:
Ƴar'uwa, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 a rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Minti 30 ɗinki rabi ne, shi ya sa kowane minti ke da daraja.

A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a nan, rairayi na ƙona tafin ƙafa. A yi darasin da farar safiya, kafin ƙarfe 9. Ruwa kafin a fita da bayan an dawo, don yaro ba ya cewa yana jin ƙishi in wasa ya yi daɗi. Ki tambayi iyaye tun farkon shekara wa ke da sikila, wa ke da asma. Mai sikila yana wasa, amma ya huta da ya gaji, ya sha ruwa fiye da kowa. Ƙishirwa, gajiya mai tsanani da sanyin hunturu duk suna tayar da ciwon. Ranar da ƙura ta rufe gari, mai asma ya zauna ciki. Wanda ya ce jiri yake ji, a kai shi inuwa a tambaye shi ko ya karya kumallo.

Ƴan mata su sa wando ƙarƙashin zane, a cire fil daga hijabi kafin gudu. Ina roƙo kuma, kada a yi horo da tsallen kwaɗo ko zagaye fili. Yaron da aka hora da gudu zai tsani gudu.

Malama Rabi, Bagalam:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mutum ɗaya zai iya lura da gida huɗu?

Mushe Issufu, Sabon Gari:
Ki tsaya a gefe, bayanki ga katanga, inda idonki ke ganin duka, kusa da gidan da ya fi haɗari. Kowane gida ki naɗa shugaba, ki canza shi kowane mako. Makon farko ki fara da gida biyu kawai.