Shin zanen ECG yana nuna haɗarin rikicewar bugun zuciya tun kafin ta auku?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. An koya mana cewa gwajin ECG, wanda ke zana aikin lantarkin zuciya a takarda, yana kama rikicewar bugun zuciya a daidai lokacin da take faruwa. Abin da ya shige mini duhu shi ne, idan zuciyar mutum tana bugawa daidai lokacin da aka yi gwajin, ko takardar za ta iya nuna cewa akwai haɗari a gabansa, kuma wane ɓangare na zanen ya kamata a fi sa wa ido?

Likitan Zuciya:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tana iya nunawa, kuma a ganina tazarar QT ce ta fi cancantar kulawa. Ana auna ta daga farkon QRS (tsinin da ke nuna motsawar ɗakunan ƙasa na zuciya) zuwa ƙarshen tudun T da ke biye da shi, wato tsawon lokacin da ɗakunan ƙasa na zuciya ke ɗauka daga motsawa har su sake shirya wa bugu na gaba. Da yake tazarar tana raguwa idan bugu ya yi sauri, sai a gyara lissafin, galibi da dabarar da masani Bazett ya fitar a 1920, a samu abin da ake kira QTc. Idan ta haura milisakan 450 ga namiji ko 460 ga mace (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), an fara ɗaukar ta a matsayin mai tsawo, idan kuwa ta wuce 500, haɗarin mummunar rikicewar nan mai suna torsades de pointes yana ƙaruwa sosai, kuma tana iya jawo suma ko mutuwar fuju'a.

Abin da ke damuna shi ne sau da yawa mu ma'aikatan lafiya ne ke tsawaita ta da magani ba tare da mun duba takardar ba. Erythromycin, haloperidol, kuluroƙwin da methadone duk suna yin haka, kuma lamarin ya fi muni idan an haɗa biyu daga cikinsu ga wanda amai ko gudawa ta rage masa sinadarin fotasiyam ko magnesiyam. Akwai kuma waɗanda suka gaji matsalar, shi ya sa tambayar ko wani matashi a dangi ya taɓa rasuwa ba zato take da muhimmanci.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Likita, ina da ƙari kaɗan. Adadin QT da na'ura ke bugawa a saman takarda ba koyaushe yake daidai ba, musamman idan tudun T ya kwanta ko tudun U, ƙaramin tudun da kan biyo bayansa, ya manne masa. A saurin takarda na milimita 25 cikin sakan ɗaya, kowane ƙaramin gida milisakan 40 ne, don haka gara a ƙirga da hannu kafin a tayar wa mara lafiya hankali.

Malamar Fiziyoloji:
'Yata, kada QT ta ɗauke miki hankali daga sauran zanen. Tudun P, wanda ke zuwa kafin QRS yana nuna motsawar ɗakunan sama, idan ya kai milisakan 120 ko fiye yana nuna jinkirin saƙon lantarki tsakanin ɗakunan sama biyu, kuma an danganta shi da karkarwar waɗannan ɗakuna, wadda ke ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Tazarar PR (daga farkon tudun P zuwa farkon QRS) da ta gaza 120 tare da karkacewa a farkon QRS alama ce ta ƙarin hanyar lantarki, wato ciwon Wolff-Parkinson-White. Sai kuma ɗagowar ST (ɓangaren da ke tsakanin QRS da tudun T) a layukan V1 da V2 da ake ɗauka daga ƙirji, wadda likitocin zuciya Pedro da Josep Brugada suka bayyana a 1992. Wannan tana iya ɓuya, zazzaɓi ya fito da ita, saboda haka takarda ɗaya mai kyau ba ta isa a sallami wanda ya suma ba tare da dalili ba. Irinsa ya kamata a maimaita masa gwajin, ko a ɗaura masa na'urar Holter, wadda ke ɗaukar zanen bugun zuciya na tsawon awa 24.