Ril (na'urar naɗe zaren fatsa) mai mita na kamun kifin salmon: wanne kuka riƙe, yaya kuka gan shi?

Na Milwaukee:
Salamu alaikum jama'a. Ni bara na fara shiga harkar nan, wani abokin aikina ya ɗauke ni a jirginsa daga Port Washington muka fita tafkin Michigan tun da duhu, muna tafiya a hankali fatsa na biye da mu a baya, kafin hantsi mun ciro salmon huɗu, tun ranar abin ya shiga raina. Bana ni da ƙanin matata mun haɗa kuɗi mun sayi wani ɗan tsohon jirgi mai ƙafa 18, saura kayan fatsa. A nan Wisconsin sanda uku doka ta ba mutum ɗaya, mu biyu shida kenan, to ril shida fa ba wasa ba ne ga aljihu. Ina son irin mai mitar nan da ke nuna ƙafa nawa ka saki na zare. Na ga Okuma Convector da Cold Water, na ga Daiwa Sealine, na ga Shimano Tekota wanda kuɗin guda ɗaya zai sayi Convector biyu. Don Allah wanda ya riƙe su da hannunsa ya faɗa min, ban da labarin YouTube, na ƙoshi da shi.

Direban tirela, Grand Rapids:
Wa alaikumus salam. Malam kafin a zo maganar suna, bari in ba ka abin da ya ci min kaka guda cur. Mitar nan fa ba zare take aunawa ba, juyin kwarkwaro take ƙirgawa. Idan kwarkwaron cike yake, juyi ɗaya zare mai yawa yake saki, idan ya rame kuma juyi ɗaya ɗan kaɗan ne, amma ita mita ba ruwanta, lissafinta ɗaya. Shekarar da na fara ina da ril biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya, rana ɗaya na saye su, muna gaban Ludington a watan Agusta, na dama yana ta kamu a 150 na hagu shi ma na sa shi a 150 ko taɓawa babu, har na fara cewa ko wani ya yi wa sandar hagu baki. Ashe na hagun ne na taɓa tsinke zare mai yawa a kansa ban ƙara ba. Da na dawo gida na auna ƙafa 100 da tef a filin ajiye motoci, na ɗaura bakin zaren a jikin turken fitila na ja da baya, na dama ya nuna 101, na hagu 119. Kenan duk yinin nan koton hagu yana can sama da inda kifin yake, yana shan iska.

To ka fara da wannan. In ta nuna sama da 100 ƙara zare, in ta nuna ƙasa ka rage, har su zo daidai da juna. Ni Convector huɗu gare ni masu girma lamba 30, shekara shida kenan, duk ƙarshen kaka ina kwance birkin, wato abin da ke riƙe zare yana sakinsa a hankali in kifi ya ja, in ajiye su a cikin gida ba gareji ba saboda sanyi, har yau suna aiki.

Na Milwaukee:
Ikon Allah, wallahi ni na ɗauka kamar tef ɗin tela ne a ciki. To ai ko mai tsadar ma haka ne kenan?

Direban tirela, Grand Rapids:
Duk masu giya a ciki haka suke, mai tsada da mai araha.

Baffa na Mississauga:
Direba ya faɗi gaskiya, amma ni inda na fi sa ido shi ne birki. Mita ko ta yi ƙarya in dai ƙaryarta ɗaya ce kullum ba matsala, ka kama a 140 ka mayar 140, shi kenan aikinta. Birki kuwa shi ne ke raba ka da kifi. Babban salmon ɗin nan da suke ce wa king, irin mai laba ashirin zuwa sama, idan ya cafki koto a tafkin Ontario gudun farko zai iya kwashe ƙafa ɗari biyu ko uku kana tsaye kana kallon lambobi suna juyawa kamar mitar famfon mai. Ni da na taso ina ganin ana ciro giwan ruwa a Yawuri na ɗauka na san ƙarfin kifi, sai da na zo nan.

Akwai wasu ril biyu da na saya hannu na biyu a wajen wani da ke kwashe kayan garejinsa, arha kamar kyauta. Muna waje da Port Credit wajen ƙarfe shida na safe sandar waya, wato mai zaren fatsa na ƙarfe, ta buga, birkin ya riƙe, ya saki, ya riƙe, ya saki, kan sandar yana ta sallama kamar ƙadangare, a riƙo na uku sai ji na yi tas. Kifi ya tafi da koto da faifan walƙiya mai jawo hankalin kifi da komai, ɗana yana riƙe da homa yana kallona. Da na buɗe shi a gida wanshunan birkin sun bushe sun yi baƙi. Na canza su da na kabon na shafa man birki ɗan kaɗan, ya gyaru sosai, amma zuciyata ba ta ƙara yarda da shi a kan waya ba, na mayar da shi sandar da ba ta shan wahala.

Yanzu Tekota 600 biyu ne a kan sandunan waya na. Waya ba ta miƙewa ko kaɗan, duk fizgar da kifi ya yi kai tsaye birki take zuwa, to a nan ne kuɗin ke nuna kansa. Mu a nan Ontario sanda biyu ce ga mutum ɗaya a cikin jirgi a babban tafki, shi ya sa sayen mai tsada bai yi min ciwo kamar yadda zai yi maka ba ɗana Na Milwaukee.

Direban tirela, Grand Rapids:
Baffa a gafarce ni, ni ma da waya nake ja a kan Convector, ƙafa 1000 mai ƙarfin laba 30, kuma ban taɓa jin ya riƙe ba. Ina ganin kulawa ce ba suna ba.

Baffa na Mississauga:
Ban musa ba, kai kana buɗe naka kana shafa mai. Yawancin mutane sai ya lalace suke sanin ana buɗewa.

Maman 'yan biyu, Portland:
Ku naku duk na tafki ne, bari in kawo na kogi. Mu da maigida watan Agusta muke zuwa bakin kogin Columbia wajen Astoria, wurin da ake kira Buoy 10, kuma can sandar a hannunka take yawanci ko kusa da kai, ba a sakin zare mai nisa, ƙafa 20 zuwa 40 ne da dalma mai nauyi. Mai tuƙi zai ce kowa ya sauka 28, to in ba ka da mita sai dai ka yi ta ja da hannu kana ƙirgawa, kuma jirage cunkus kamar kasuwar Kurmi, kana ɗan wuce lamba ka sarƙe da na kusa da kai. Abin da maza ba sa faɗa shi ne girman abin. Na farkon da maigida ya saya min wani ƙato ne mai mita a gefe, duk naɗin da zan yi sai ta dinga tokare min tsintsiyar hannu, da yamma wurin ya yi ja, sau biyu kuma hannuna ya danne maɓallin da ke mayar da ita sifili ban sani ba, ina tsakiyar saki. Da na koma Daiwa Lexa mai mita, irin mai kwanciyar nan, sai na ji kamar an sauke min kaya. Saboda haka Malam ka je shago ka ɗora shi a kan sanda ka juya, kar ka saya daga hoto. In akwai bahago a cikinku ma akwai masu hannun hagu. Kuma mu ruwanmu da gishiri-gishiri, duk dawowa sai na ɗauraye su da ruwan famfo, ku kun huta da wannan.

Ɗan Kenosha:
Yaya Na Milwaukee ni maƙwabcinka ne, ruwa ɗaya muke shiga. Shawarata ba duka shidan ne ke buƙatar mita ba. Sanda biyu da za ka sa a injin saukar da dalma mai kai koto can ƙasan ruwa, shi injin yana da tasa mitar da ke nuna zurfi, kowane ril mai birki mai kyau ya isa. Zaren nan mai dalma a ciki kuma kala yake canzawa duk yadi goma, kala biyar ka san ƙafa 150 ka saki, ido ne mitarka, sai dai yana son ril mai babban ciki don yana da kauri. Inda mita ta zama dole shi ne Dipsy Diver, faifan nan da ke nutsewa yana jan koto gefe, don shi zurfinsa ya dogara da tsawon zaren da ka saki, ni in na saita faifan a lamba 3 ina lissafin zurfinsa kusan kashi ɗaya cikin uku, na saki 150 ina sa ran wajen ƙafa 50, ya danganta da gudun jirgi, ni tsakanin mil 2.2 da 2.7 a awa nake tafiya.

Sealine biyu nake da su a nan, tsofaffi ne ƙarar su kamar keken ɗinki amma ƙararrawarsu mai ƙara in kifi ya ja zare ko kana gaban jirgi kana shan shayi za ka ji. Wani kuma da na taɓa saya sabo fil, gilashin mitarsa ya dinga yin hazo da safe, in raɓa ta sauka sai na haska fitilar waya ina leƙe kamar mai duba ƙwai, na mayar musu. Sannan ka shirya wa ƙwarin ruwan nan na Yuli da Agusta masu maƙalewa a zare kamar jiƙaƙƙiyar auduga, suna taruwa su toshe kan sanda kana cikin naɗo kifi, zaren saƙa suka fi kamawa, waya ta fi sauƙin kakkaɓewa.

Na Milwaukee:
Allah ya saka da alheri, kun rage min kashe kuɗi wallahi. Yadda na fahimta zan sayi biyu masu kyau iri ɗaya saboda Dipsy, sauran huɗun in lallaɓa da masu sauƙi. Hajiya ƙanin matar tawa bahago ne kuwa, da ban tuna ba sai mun shiga ruwa. Direba ran Asabar zan je filin makarantar yara da tef. Ɗan Kenosha waya ɗin nan sandar da nake da ita za ta ɗauka ko sai an canza mata kai?

Ɗan Kenosha:
Sai an canza, waya tana cin zoben kan sanda ta yi masa rami. Akwai kai mai kamar sifirin da ake sawa, ba shi da tsada, ko ka sayi sanda mai tayoyi. Kuma kar ka taɓa barinta ta yi sako-sako wajen saki, tana lanƙwashewa a nan za ta tsinke. In za ka naɗa ta kira ni mu yi tare, aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe da safar hannu.