Wa ya taɓa kai wa tela hoton rigar mujalla? Ku zo mu ji yadda aka ƙare

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bikin ƙanwata saura wata biyu, ta kuma ƙwallafa rai a kan wata rigar Elie Saab, mai zanen kaya ɗan Lebanon ɗin nan, da ta gani a hotunan nunin kaya na Paris. Ta ce ko wannan rigar ko a fasa dina. Kafin mu narka kuɗi a yadi ina so in ji ta bakin waɗanda suka taɓa kai wa tela irin wannan hoton. Ni sau ɗaya na gwada, da wani siket mai baza irin na Dior. Abin da na karɓo sai ka ce lemar da iska ta karya. Na biya, na yi godiya, har yau yana ƙasan akwati.

'Yar Zariya:
Wa alaikumussalam. Tawa ta fi taki ciwo, Anti, don laifina ne. Rigar Issey Miyake na gani, ɗan Japan, mai ƙananan ninki tun daga wuya har idon sawu kamar an jera tsinken tsintsiya. Na sayi atamfa mai tsada na kai. Bawan Allah ya kwana biyu yana ninkewa yana bi da dutsen guga, ranar da na sa kowa sai da ya tanka. Wanki ɗaya, riga ta koma buhu.

Sai daga baya na gano yadda ake yin na ainihin. A kayansa na Pleats Please da ya fito da su a 1993, rigar ake fara yankawa da girma sosai, a ɗinke ta tsaf, sannan a sa ta tsakanin takardu a tura cikin injin zafi. Yadin kuma na roba ne, zafin ne ke sa ninkin ya zauna har abada. Auduga ba ta riƙe wannan. Wato ko wane gwani na kai wa, da atamfa a hannuna, an riga an faɗi tun a kasuwa.

Tsohon Tela:
Ku yi mini afuwa in shigo, tunda mu ake yanka. Shekarata talatin da wani abu a kan keke a Kano, irin waɗannan hotunan kuwa na karɓa tun ana yago su daga mujalla, kafin a koma nuna su a waya.

Hajiya Maman Biyu, rigar da ƙanwarki ta gani ba irin wadda ake ratayewa a kanti ba ce. A Faransa sunan irin wannan babban ɗinki ma, wato haute couture, doka ce ke tsare shi, ba kowane gida ke da izinin amfani da shi ba. Sai kana da ɗakin ɗinki a Paris da ma'aikata na dindindin, kana nuna sababbin kaya sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. Kafin almakashi ya taɓa yadin gaske, sai sun ɗinka rigar gaba ɗaya da farin yadi mai araha, irin akoko, su gwada a jikin mai ita, su warware, su sake. Duwatsun da kike gani suna walƙiya da allura ake dasa su ɗaya bayan ɗaya, riga guda tana iya cin awa ɗaruruwa. Akwai gidajen da ba su da sana'a sai wannan aikin, kamar Lesage da ke ƙarƙashin gidan ɗinki na Chanel.

Siket ɗinki kuma, tun 1947 da Christian Dior ya fito da wannan yayin, ba da yadi kaɗan ake yin sa ba, wasu sun haura yadi goma, ga shafi mai tauri a ciki yana ɗaga shi. Nawa kika kai? Na san bai wuce huɗu ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne hoton gaba kawai ake kawo mana. Ba baya, ba ciki. Ina zif yake, ina aka tsaga, me ya riƙe ƙirjin? Sai dai mu yi kirdado. Sannan a ce ana so nan da kwana goma, ga ɗinkin sallah jibge a kan tebur.

Maman Biyu:
Uku da rabi ne ma, Baba. Amma ku ma ai ba kwa taɓa cewa ba za ku iya ba.

Tsohon Tela:
Wannan kam kin kama mu. In na ce ba zan iya ba, shagon gaba za ki shiga, shi ya ce zai iya. Sai da furfura ta fito na koyi mayar da aiki.

Mai Kwalliya a Legas:
Bari in ƙara muku wani abu da hoto ke ɓoyewa. Na taɓa taya sa wa 'yan tallan kaya tufafi a bayan dandamali a wani nuni a nan Legas, na kuma je wajen ɗaukar hoton mujalla sau biyu. Wallahi rigar da kuke gani ta zauna ɗas a ƙugu, in kun zaga baya fil ne reras da irin abin maƙale shanya. Mayafin da ke tashi sama, wani yaro ne tsugune da fanka. Yarinyar doguwa ce siririya, ga takalmi mai tsini, tafiyarta a dandamali ba ta fi minti ɗaya ba, ta dawo a zare mata. Ba ta zauna a mota da ita ba, ba ta durƙusa ta gaida surukai ba, ba a yi mata liƙi tana rawa ba. Amaryarku kuwa awa biyar za ta yi a ciki. Ku sa ta zauna da rigar a wajen gwaji, ta ɗaga hannu, ta sunkuya.

Abban Yara:
Ni kwat na kai, irin ta Italiya. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Na koma wa kaftanina, Allah ya ba mu lafiya.

Uwargida daga Damagaram:
To ni dai tawa ta yi kyau, kada a ce kowa kuka ya zo yi. Hoton rigar Alphadi na kai, namu na Nijar, wanda ya fara bikin nunin kayan Afirka na FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. Doguwar riga ce mai faɗi da aiki a wuya da hannu. Telana na kallo ya ce wannan ai gida ne. Shadda na saya, mai aikin zare ya zauna mata mako biyu. Ba ta zama irin ta hoton sak ba, amma har yau in na sa sai an tambaye ni inda na samo.

Tun daga nan na daina ɗauko hoton kayan da ban san yadinsu ba. Akwai masu nuna kaya a Paris ɗin da kayan aikinsu na kusa da namu ne. Imane Ayissi ɗan Kamaru, wanda aka gayyata nunin babban ɗinki a Janairun 2020, yana aiki da saƙin hannu na Afirka, har da kente na Gana. Kenneth Ize ɗan Najeriya da saƙin Yarabawa ya fita a Paris a 2020 ɗin, shahararriyar 'yar tallan kaya Naomi Campbell ce ta rufe masa nunin. Na ɗauko salon wata rigarsa na yi da saƙinmu, ta zauna, don nauyin yadin kusan ɗaya ne.

Malama a Kaduna:
Ba a taɓo inda ni na faɗi ba. Rigar da na zaɓa ba ta da hannu, baya a buɗe, ga tsaga har cinya. Na ce a sa dogon hannu, a rufe wuya, a toshe tsagar, a yi shafi. Tela ya yi duk yadda na ce, ɗinki tsaf, ba inda zan kushe. Sai dai da na tsaya gaban madubi ba rigar hoton na gani ba, don ashe kyan nata a wuraren da na rufe yake. Anti, ki duba ta ƙanwarki da kyau. Yawancin irin waɗannan a kan net mai shara-shara ake dasa duwatsun, in aka sa shafi mai kauri sai ta yi nauyi ta daskare. Gara ku nemo wadda tun asali da hannunta da wuyanta aka zana ta, akwai su da yawa a kayan amare na Labanawan.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta mata duka jiya da dare. Ta yarda a fara yi da akoko, ta kuma nemo hoton bayan rigar, ashe maɓallai ne jere tun daga wuya har ƙugu, mu da muke shirin sa zif a gefe. Maganar duwatsu ce har yanzu muke ja, ita tana so har ƙasa, ni na ce a tsaya a ƙirji da hannu. Baba, in dasawa da allura za a yi a ƙirji da hannu kawai, mako shida zai isa?