Dyna ta ƙi tashi da asuba: in canja hita huɗu ko a sa min maɓalli?

Sabi'u Mai Dyna: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Asabar. Motar ɗaukar kaya ce da ni, Toyota Dyna mai injin gas samfurin 3L, ina ɗaukar kayan gwari daga Mile 12 zuwa Oyingbo. Sati uku ke nan, in ta kwana sai na yi kik sau biyar ko shida, in ta kama kuma ga farin hayaƙi, ga karkarwa kamar mai zazzaɓi. Da ta ɗau zafi shi ke nan, taɓa makulli ɗaya ne har dare. Batir sabo ne, ko wata bai yi ba. Rewaya ya ce a cikin filogin hita huɗu masu ɗumama injin kafin ya tashi, biyu sun mutu, taima mai yanke musu wuta ma ta fara wasa. Ko ya canja huɗun da taima a 70,000, ko ya canja biyu ya sa min maɓallin kunna hita da hannu a 25,000. Sannan ya ce filogi na uku ya cije, ba ya juyawa. Wanne za ku ba ni?

Ɗan Agege: Wa'alaikumus salam. Canja batir.

Sabi'u Mai Dyna: Ɗan'uwa, ka dai karanta har ƙarshe.

Alhaji Mai 911: Wai wane sanyi ne a Legas har mota take neman hita? Shekara 31 ina kan titi, na kwana a Jos cikin hunturu, ban taɓa sayen filogin hita ba. Iska ce take shigar maka layin gas. Ka yi famfo da hannu kafin ka yi kik, ka ba ni labari.

Oga Mudi Rewaya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma motarka Marsandi 911 daban take. Ita nozil ɗinta kai tsaye yake fesawa a kan fistin. 3L kuwa akwai ɗan ƙaramin ɗaki a cikin top silinda, nan gas yake fara kamawa, kuma in ƙarfen ya yi sanyi sai ya shanye zafin. Shi ya sa ko a Legas take son hita, balle injin da ya tsufa. Sabi'u, kafin ka biya ko sisi, a cire ƙarfen da ya haɗa kawunan filogin huɗu. A sa wayar ƙwan gwaji a fositif ɗin batir, a taɓa kan kowanne. Wanda bai kunna ƙwan ba ya mutu. In da mita ne, mai rai yana nuna wajen om 1. A duba fis da rile mai sakar wa hita wuta ma, sau da yawa nan ɓarnar take.

Baba Haladu Ketu: Sabi'u ɗana, da na ga ka rubuta "ya cije" sai da gabana ya faɗi. Bara da damina haka aka yi min. Na kai motata wani gareji, maigidan ya tafi sallah, ya bar yaronsa. Injin da sanyinsa, yaron ya sa sifana ya ƙara mata bututu ya danna. Ji na yi ƙas. Ya ɗago rabin filogi yana min murmushi, wai ragowar za ta fita ta salansa. Ni da ban sani ba na yarda. Na loda tumatir kwando 40 na mutane, ko Ojota ban wuce ba injin ya fara ƙara kamar ana dakan sakwara a ciki. Ashe kan filogin ya kumbura, ya karye ya faɗa kan fistin. Da aka buɗe sai da na zauna a ƙasa: saman fistin kamar kaza ta yi tsattsaga, bawul ɗaya ya lanƙwashe. Kwana 19 motar tana ajiye. Tumatir kuwa da rana ta buɗe ya zama miya, masu kaya suka ce ba ruwansu. Har yau ina biyan wata Hajiya kuɗinta kaɗan-kaɗan. Mai garejin ko sannu bai ce min ba, cewa ya yi dama motar ta gaji.

Ummaru Ijora: Innalillahi. Baba, nawa aikin ya ci gaba ɗaya?

Baba Haladu Ketu: Kada ka tuna min. Na sayar da tunkiya biyu a gida, bai isa ba.

Ɗan Agege: Da ni ne wallahi da yaron nan zan kwana a ofishin 'yan sanda.

Baba Haladu Ketu: Yaro me ya sani? Uban gidansa ne ya bar shi da mota.

Oga Mudi Rewaya: Allah ya mayar da alheri, Baba. Filogin da ya cije ba a yi masa ƙarfi. A jiƙa gindinsa da man sassauta tsatsa ya kwana, a tayar da injin ya ɗau zafi, sannan a riƙa juyawa kaɗan gaba kaɗan baya. In ya ƙi, a bar shi. Gara a sauke top silinda da a karya shi a ciki.

Nura Dijital: Ni a kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayi guda huɗu 26,000 watan jiya. 70,000 ta yi yawa, ana so a yanke ka ne.

Ummaru Ijora: 26,000 huɗu? Kwali ka saya. Na gaske, Denso ko NGK, ni 14,000 na sayi ɗaya tun kafin azumi.

Ɗan Agege: Tokumbo 3,000 ne, kuma ya fi sabon ƙarko.

Ummaru Ijora: Filogin da Bature ya gama cinye ransa? Kai dai yau ba ka da sa'ar shawara.

Nura Dijital: Nawa suna aiki lafiya. Kuma maɓalli ya fi, na gani a YouTube, da kaina na haɗa. Waya daga batir zuwa maɓalli zuwa filogi, an gama.

Oga Mudi Rewaya: Nura, ba rile? Filogi huɗu suna jan wuta sama da am 40, wannan maɓallin naka zai narke a hannunka wata rana. Sannan ku riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin filogi. Akwai mai 11V, akwai mai 6V da aka yi don taima ta riƙa yanke masa wuta da wuri. Ka ba mai 6V wutar batir kai tsaye ka riƙe maɓalli kana hira, shi ne kansa yake kumbura, irin na Baba.

Nura Dijital: Oga Mudi ai dole ka kare sana'a. In kowa ya iya, wa zai zo wajenka?

Alhaji Mai 911: Yaro, rewayan da ya shekara ashirin yana shan shokin za ka gaya wa magana saboda ka kalli waya? Ko da yake ni ma ban yarda da shi a kan maganar iska ba.

Isiya Mai Shayi: Ku daina wahala. Sabi'u, kawo ta gindin tebur ɗina da asuba, buta ɗaya ta ruwan zafi a kan injin, 500. Da madara 800.

Ummaru Ijora: Ko ka riƙa kwana da ita a saman gadar Ojota, da asuba ka sake birki.

Ɗan Agege: Mu dai tsumma muke jiƙawa da fetur mu kara a bakin iyakilina, nan take take kamawa.

Oga Mudi Rewaya: Da hita a kunne? Ranar da ta buga maka za ka tara ringi a leda.

Baba Haladu Ketu: Ni abin da ya fi ƙona min rai ranar ma ba injin ba ne. Motar na tsayawa, ban gama sa alama a baya ba, sai ga samari shida, wai kuɗin ƙasa. Na ce mota ce ta lalace, suka ce ai a ƙasarsu ta lalace. 10,000 suka karɓa, suka tura ta taku goma, suka ce turi daban ne.

Ummaru Ijora: Kai ka samu masu sauƙi. Ni a Apapa madubi suka cire suka riƙe sai da na fanshe shi.

Alhaji Mai 911: Tikiti nawa kuke yanka yanzu daga Mile 12 zuwa Oyingbo? Yarona ya ce min huɗu, ban yarda ba, ina zargin yana cin ɗaya.

Ɗan Agege: Alhaji biyar ne in ka bi ta Yaba. Yaronka ma ya rage maka.

Sabi'u Mai Dyna: Jama'a na gode, Baba Allah ya kiyaye gaba. To amma ni fa, huɗun zan canja ko maɓalli? Oga Mudi, in na ukun ya ƙi fita, zan iya tafiya da uku?

Ummaru Ijora: Biyar ina? Ka manta na bakin kasuwa, wanda ba sa ba da takarda.