Shawarwari ga sabon shiga tseren dawakin quarter horse

A tattaunawar masu kiwo da masu horar da waɗannan dawakai masu gudun gajeren zango a Amurka, an fi nanata fitowa daga ƙofar tashi. Tseren gajere ne: yadi 440 ake yi a gasar All American Futurity, babbar gasar dawakai 'yan shekara biyu, cikin daƙiƙa 21 ko kusa da haka, don haka dokin da ya yi nawa a farko sai dai ya sha ƙura. Kafin sayen doki, a duba takardar asalinsa ta AQHA, ƙungiyar da ke rajistar waɗannan dawakai a Amurka, likitan dabbobi kuma ya ɗauki hoton gwiwoyinsa. An rabu kan saka dawakai 'yan shekara biyu a tsere, wasu na ganin ƙashinsu bai yi ƙwari ba, kuma nan na karkata. Kuɗin rajistar gasar All American Futurity kashi-kashi ake biya, kada wa'adi ya wuce.