Wuta ce farko ko asid? Tambaya kan ƙasar tace man gyaɗa

Ɗan Argungu:
Assalamu alaikum malamai. Farar ƙasa irin ta wajen Kaoje, in ana son ta riƙa tsotse launin man gyaɗa, wuta ake fara sa mata ko asid? Kuma zafi nawa?

Malam Na-Jega:
Wa alaikumus salam. Farar ƙasa, wato kawolin, wuta ce farko. Ɗanyarta asid ba ya cin ta sosai, domin shimfiɗar silika da ta alminiyam a manne suke gam. Tsakanin digiri 450 da 600 a ma'aunin Celsius ruwan da ke ɗaure cikin ƙwayarta yake fita, jerin ya wargaje. Wutar ba ta ƙara mata ƙofofi, sassauta ta kawai take yi asid ya samu hanya.

Ka niƙa, ka tankaɗe, ka gasa a digiri 650 zuwa 700 na awa 2. Sai kilo 1 na ƙasar cikin lita 5 zuwa 10 na asid ɗin salfurik mai ƙarfin mola 2 ko 3 (mola ma'aunin ƙarfin asid ne), a digiri 80 zuwa 90, awa 3 zuwa 4 kana juyawa. Asid zai janye alminiyam, ya bar silika mai huje-huje kamar soso. Ɗanya, faɗin fuskar giram ɗaya bai cika wuce murabba'in mita 20 ba, bayan wannan yana iya haura 100. In tanderu ya kusa digiri 950 kuwa an yi asara, ƙwayoyin sun sake haɗewa, asid ba zai ci ba.

Hajiya Mai Lab, Birnin Kebbi:
Malam ya yi daidai, amma in don mai ne, bentonayit, wani irin yumɓu, ya fi farar ƙasa nesa ba kusa ba. Shi ba a gasa shi, zafi mai yawa rufe tsakanin shimfiɗunsa yake yi. Asid kai tsaye, sai shanya a digiri 105, a bar masa ɗan danshi. Kuma kada a zarce: asid ya yi ƙarfi ko ya daɗe, ginin ya rushe, ƙarfin tsotsar ya ragu. Ɗiga asid kan ƙasar tukuna. In ta yi kumfa akwai dutsen laim a ciki, zai cinye asid ɗin a banza.

Injiniya Bagudo:
Wankewa ce ake yi wa sakaci. A yi ta wanke ta da ruwa mai tsabta har pH, wato ma'aunin tsamin asid, ya kai wajen 4, in ba haka ba ragowar asid ya ɓata man. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, kuma ban da tukunyar alminiyam. Tsohon ruwan batir kada ka kusance shi, akwai dalma a ciki, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Wajen tacewa, a zuba ƙasar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyin man, digiri 90 zuwa 110, minti 20 zuwa 30.